Baba Yi-Haƙuri

Tun kafin a gina sabon ɓangaren asibitin, Baba Direba yake ajiye tasinsa a gindin katangar ƙofar fita. Ba shi da sauri, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Sauran direbobi kan ce in ka shiga motarsa da jariri, kafin ku kai gida ya fara rarrafe. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce wanda aka yi wa ɗinki a ciki ba ya neman mai gudu. A kujerar baya akwai matasan kai da matarsa take wanke wa riguna, da roba mai murfi saboda masu amai, da wani tsohon bargo. Masu jinya kan wuce motoci masu sanyi su nemo tasa.

Sai ga sabuwar doka daga hukumar sufuri ta gari. Daga ƙarshen wata, babu motar hayar da za ta ɗauki fasinja a ƙofar asibiti, ko tasha, ko manyan kasuwanni, sai wadda aka kira ta manhajar waya. An ce don tsaro ne, a san wa ya ɗauki wa. Aka gitta ƙarfe a bakin ƙofa, aka ba masu gadi wata 'yar na'ura da suke haska lambar mota da ita. In ta nuna kore ka shiga, in ta nuna ja ka ƙara gaba. Da direbobi suka kai kuka gidan rediyo, aka ce kada kowa ya tada hankalinsa, an buɗe shirin koyar da waya kyauta mai suna Kowa Ya Shigo, kuma duk wanda ya samu takardar kammalawa za a yi masa rajista.

Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da kyauron roba. Auta, 'yarsa da take aiki a wani kemis, ta ba shi tsohuwar wayarta mai shafawa, wadda gilashinta ya tsage daga kusurwa. A unguwarsu sabis ba ya shiga ɗaki. Sai mutum ya fito ya tsaya kusa da tankin ruwa, ya ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota. A nan ta gwada koya masa in ta dawo daga aiki, amma kullum da ƙorafi suke ƙarewa.

"Baba, shafawa ake yi. Za ka fasa ta."

"To ai shafawar nake yi."

"Wannan murza ce."

"Ke dai ba ki iya koyarwa ba. Bari in je wurin masu abin."

Wurin masu abin wani ɗakin taro ne a bayan ofishin hukumar, mai kujerun roba da fanka ɗaya da take aiki. Intanet ɗin ba ya kaiwa layin baya, don haka kowa cunkusuwa yake yi gaba. Mai koyarwar wani matashi ne da katin aiki rataye a wuya da wayoyi biyu a hannu. Direbobi suka sa masa suna Injiniya, shi kuma bai musa ba. Magana yake yi da sauri kamar ana korarsa, in ya gama ya ce, "An gane ko?" bai jira amsa ba ya wuce.

Ranar da aka zo kan buɗe manhajar, Injiniya ya ce a samu mutum ɗaya ya fito ya gwada. Kowa ya sunkuyar da kai. Baba ya miƙe, don a ganinsa rashin kunya ne a bar malami tsaye yana roƙo.

Da manhajar ta buɗe, muryar wata mace ta fito daga wayar, mai taushi, ta ce, "Barka da zuwa."

"Barka kadai, 'yata," in ji Baba. "Ya aiki?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Baba ya ɗaga musu hannu su yi shiru, don yana jiran amsa. Muryar ta ce ya taɓa inda aka rubuta ci gaba. Ya taɓa, ba abin da ya motsa. Yatsunsa sun yi kanta da riƙon sitiyari da sifana, gilashin ba ya jin su. Ya lasa yatsan kamar mai buɗe shafi, ya sake taɓawa. Muryar ta maimaita abin da ta faɗa, ba ta canja ko harafi ba. Baba ya ga ya sa yarinyar mutane tana ta nanata magana, sai ya kawo wayar kusa da bakinsa ya rage murya.

"Yi haƙuri, 'yata. Hannun ne ya tsufa. Yi haƙuri."

Aka sake fashewa da dariya, har da masu faɗowa daga kujera. Shi ma ya taya su dariyar da aka faɗa masa ba mutum ba ce. Ya ga Injiniya riƙe da waya yana nuno shi, ya tambaya, aka ce na rahoton ofis ne.

Ba a yi mako ba abubuwa suka fara canjawa. Ya tsaya shan mai, yarinyar da take zuba man ta leƙo fuskarsa, ta rufe baki da hannu, ta kira abokiyar aikinta. A bakin danja wasu 'yan makaranta suka buga masa gilashi, suka lasa yatsu gaba ɗaya suna ihu, "Yi haƙuri, 'yata!" Ya ɗauka 'ya'yan wani direban ne da ya kai labari gida. A gida kuma Auta ta daina haɗa ido da shi. In ya shigo tsakar gida sai ta kife wayarta a cinya.

Mai faci ne ya nuna masa, abokinsa da yake da rumfa a tsallaken asibitin. Ya kai masa taya, ya tarar da shi yana ta kame-kame.

"Direba, kai ba ka gani ba ko?"

"Me?"

Mai faci ya goge hannu a wando, ya ja shi bayan injin iska. A cikin wayar Baba ya ga kansa. An kawo fuskarsa kusa har ana ganin giɓin da faɗuwar haƙori ta bar masa. Inda ya lasa yatsa an maimaita shi, an sake maimaitawa, an sa kiɗa. Inda ya ce hannun ne ya tsufa an sa kukan jaki. A ƙasa akwai rubutu yana ta hawa, ba ya ƙarewa.

"Wannan fa?"

"Maganganun mutane ne."

"Karanta mini."

"Bar shi, Direba."

"Na ce ka karanta."

Mai faci ya karanta kaɗan yana tsallake wasu. Wani ya ce irin waɗannan ne suka hana ƙasa ci gaba. Wata ta ce a ƙwace lasisinsa kafin ya yi wa danja sallama ya kashe mutane. Wani ya ce in da ubansa ne, da ya kulle shi a ɗaki. Baba ya tambaya mutum nawa suka kalla. Mai faci ya ce sun fi mutanen garin nan yawa.

Ya bar tayar a nan. Da ya isa gida ya tarar da Auta tana shanya, ya tsaya a gabanta.

"Kin sani?"

Ta fashe da kuka. Ta ce a kemis har masu sayen magani suna kunna shi, kuma ba ta faɗa wa kowa mahaifinta ba ne. Wannan ta fi kukan jakin yi masa ciwo.

Washegari ya je wurin Injiniya kafin a fara darasi. Ya yi magana a hankali, hularsa a hannu. Ya ce yana da surukai, yana da jikoki, ya roƙe shi ya cire.

"Baba, ko na goge nawa ai ya riga ya bazu. Wannan abin ba ya goguwa." Yana maganar yana duba ɗayar wayar. "Kuma wallahi alheri na yi maka. Ka san mutum nawa suke neman suna irin wannan ba su samu ba? Shugaba ma tana nemanka."

Shugabar shirin ta tarbe shi da fara'a a ofis mai sanyi, har ta sa aka kawo masa ruwa. Ta ce tun da bidiyon ya fita, masu tallafa wa shirin daga waje suka ninka sha'awarsu, don yanzu sun ga girman matsalar da idonsu. Ta ce ranar bikin kammalawa shi za a fara kira.

"Ranki ya daɗe, ni so nake a cire."

"Haba Baba. Ai kai ne fuskar shirin nan." Ta duba takardun gabanta. "Ga shi ma gwajinka bai yi kyau ba. In da za a bi ƙa'ida, sai ka maimaita zango mai zuwa, kuma ban san ranar da za a buɗe shi ba. Amma ba za mu yi maka haka ba. Ka zo bikin kawai."

Ƙarshen wata ya riga ya wuce. Motarsa tana nuna ja a ƙofar asibiti, yana yawo a lunguna yana tsintar fasinjan da ba su kai kuɗin mai ba. Ya je bikin.

An cika ɗakin da manyan baƙi da 'yan jarida. Aka kashe fitilu, aka haska bidiyon a bango, fuskarsa ta kai girman ƙofa. Ba su cire kukan jakin ba. Baƙi suka yi dariya irin ta masu kuɗi, suna goge ido da hankici. Wani babba daga ma'aikata ya tashi ya ce wannan shi ne jiya, yau kuwa ga shi sun kawo wannan dattijo cikin zamani, kuma ba za a bar kowa a baya ba. Aka kira Baba. Shugabar ta riƙe takardar a hannu ɗaya, ta miƙa masa abin magana da ɗayan.

"Baba, kafin ka karɓa, mutane suna so su ji daga bakinka. Faɗa mana ita."

Ya dubi takardar. Ya dubi layin direbobi a baya, mutanen da ya yi shekaru yana cin abinci da su a kan bonet. Wasu suna murmushi, wasu suna kallon ƙasa.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce.

Aka tafa har da tsayuwa. Ta sakar masa takardar.

Rajista ta fito, na'urar masu gadi ta koma nuna kore. Auta ta ɗaure masa wayar a jikin dashbod, ta saya masa wani ɗan alƙalami mai kan roba da gilashin yake ji. Ya koyi karɓar kira, ya koyi bin shuɗin layin da yake nuna hanya, duk da ya fi layin sanin gari. Amma manhajar tana nuna wa fasinja hoton direba, kuma labari ya zaga cewa Baba Yi-Haƙuri yana ɗaukar mutane. Sai kira ya yi masa yawa, kuma ba na marasa lafiya ba. Samari da 'yan mata ne suke zuwa ƙofar asibiti, su yi ta kira suna sokewa har sai shi ya fito musu. Su cika motar, su ture matasan kai ƙasa, kowa da waya a sama.

"Baba, faɗa mana mana."

"Baba, lasa yatsan sau ɗaya kawai."

"Kai, ashe tsohon yana da girman kai."

Ya ƙi biye musu. Ya kai su inda suka ce, ya buɗe musu ƙofa. Su kuma in sun sauka sai su ba shi tauraro ɗaya cikin biyar, su rubuta cewa ba shi da fara'a, ko motarsa tana warin asibiti. Bai san ana yi ba sai da Auta ta duba. Ta ce in taurarin suka ƙara sauka za a dakatar da shi.

"Wa zai dakatar da ni?"

"Manhajar."

"Wa ke cikinta?"

"Ba kowa, Baba. Lissafi ne kawai."

Akwai wata mata da ya daɗe yana kai mijinta wankin ƙoda. Ita ma ƙaramar waya gare ta, ba ta da manhaja, ba ta da mai kira mata. Tun da aka gitta ƙarfen, sai ta rungumo mijin su taka har babban titi su nemi mota. Wata rana da rana tsaka Baba yana layi a cikin harabar, ya hango su sun fito. Mutumin ya tsugunna a gindin fitila, ƙafafun sun ƙi. Matar tana ta waige-waige. Baba ya fita daga layi, ya tsaya a gabansu, ya ɗauki mutumin kamar yaro ya kwantar a baya, ya tokare masa kai.

Mai gadi ya tare su a ƙarfe. Ya haska lamba, ya leƙa ciki.

"Baba, babu kira a kan motar nan."

"Ɗana, dube shi mana."

"Na gan shi. Amma na'urar ta riga ta ɗauka. In ban tura rahoto ba, ni za a tambaya."

Ya ɗaga musu ƙarfen, ya kuma tura. Kafin Baba ya sauke su a gida ya taimaka aka shigar da mutumin ɗaki, wayar da ke dashbod ta yi ƙara. Fuskar manhajar ta koma toka-toka. Auta ce ta karanta masa da yamma a gindin tanki: an rufe rajistarsa gaba ɗaya, saboda ɗaukar fasinja ba bisa ƙa'ida ba da kuma ƙarancin taurari.

Ya je ofishin kamfanin da yake gudanar da manhajar. Bene ne mai gilashi, a ƙasa babu kowa sai mai gadi da wani allo a jikin bango. Mai gadin ya ce ƙorafi ta cikin manhaja ake yi. Baba ya ce manhajar ce ta rufe. Mai gadin ya ce to sai ya aika saƙo ta intanet. Auta ta aika, amsa ta dawo nan take cewa an duba an tabbatar da hukuncin. Ya je hukumar sufuri, suka ce su doka kawai suka yi, rajista ta kamfani ce. Ya je wurin shugabar shirin, aka ce ta tafi taro ƙasar waje, inda za ta yi bayani a kan nasarar Kowa Ya Shigo.

Ya koma lunguna. Amma yanzu har a lungu mutane da waya suke kira, waɗanda ba su da ita kuma su ne waɗanda ba su da kuɗin tasi. Kulocin motar ya fara zamewa, ya lallaɓa shi har ranar da ya ƙi gaba ɗaya. Maƙwabta suka taya shi turo ta ƙofar gida. Ta zauna a nan, tayoyin suka sace, kaji suka samu inuwa. Albashin Auta ne yake riƙe gidan, kuma ba ya kaiwa. Matarsa ta fara rage abin da take zuba wa kanta, tana cewa ba ta jin yunwa.

Wata safiya wata farar mota sabuwa ta tsaya a bayan tasin. Injiniya ne, ya yi ƙiba, babu katin aiki a wuyansa. Ya bar koyarwa, yanzu shirya bidiyo ne sana'arsa. Tare da shi akwai wani mai ɗauke da fitila a kan sanda. Ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi, ya ce ya ji abin da ya faru, kuma abin ya taɓa shi. Ya ce mutane suna ta tambaya ina Baba ya shiga. In aka ɗauke shi a cikin mataccen tasin yana ba da labari, za a tausaya, za a taimaka, shi ma zai ba shi wani abu tun yau.

Baba ya tashi ya shige gida. Ya tarar da matarsa a bayan ƙofa, ta ji komai. Auta tana tsaye da kayan aikinta, ba ta tafi ba.

"Ku ce masa ya bar mini ƙofar gida."

Ba wadda ta motsa.

"Baban Auta," matar ta ce, ba ta ɗago ba, "abin da za su yi dariya a kai sun riga sun yi. Ko gyaran motar a samu."

Ya dubi 'yarsa. Ita ma ƙasa take kallo.

"Ke ma?"

"Ni ban ce komai ba, Baba."

Sannan ya ɗauki hularsa ya fita.

Suka kore kajin, suka zaunar da shi a kujerar direba. Injiniya ya ce ya cire hular, ya fi ban tausayi a haka. Ya sa aka ɗebo ƙasa aka ƙara watsa wa gilashin gaba. Maƙwabta suka fara taruwa, wasu sun riga sun fito da wayoyinsu. Aka kunna fitilar a fuskarsa duk da rana ta fito.

Baba ya fara magana. Ya faɗi yadda ya fara tuƙi, ya faɗi mutumin da ƙafafunsa suka ƙi a gindin fitila. Da ya zo kan ranar da aka turo motar gida, muryarsa ta karye, hawaye suka zubo masa, na gaske, irin waɗanda ko matarsa ba ta taɓa gani ba. Ya kife goshi a kan sitiyari.

Injiniya ya duba wayarsa, ya ja tsaki.

"Kash, ka rufe fuskar. Ba a ga komai ba." Ya gyara tsayuwar mai fitila, ya matso da wayar. "Ɗago, Baba. Daga inda aka turo motar. Mu sake."